Baunar Reino Niemela

Reino Niemela ya rasu bana, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa a bakin tafki. Tun ajin farko na firamare muke zama benci ɗaya, kuma ni ne abokin ango ranar aurensa. Sunana Elmer Tervo. Motar ture ƙanƙara na tuƙa wa ƙaramar hukuma har na ajiye aiki, kuma ban taɓa rubuta abin da ya fi katin gaisuwa tsawo ba. Amma na gaji da jin yadda ake ba da labarin tafiyarsa Afirka a shagon shan kofi ana ƙyaƙyata dariya, alhali duk masu dariyar ba wanda ya ga abin da ya faru. Ni a kan idona aka yi.

Aikinsa na albashi wasa zarto ne a masana'antar katako. Amma ka tambayi kowa a garinmu, a nan arewacin Michigan, wane ne Reino, zai ce maka mai fiɗar barewa. Da Nuwamba ta raba tsakiya aka buɗe farauta, sai ka ga motoci jere a ƙofar garejinsa, kowace da barewa a baya. Shi zai feɗe, ya yanka, ya niƙa na niƙawa, ya naɗe a farar takarda ya rubuta sunan mai nama. Matarsa Ardis tana shiga tana fita da kofi da burodin nan namu mai zaƙi, tana mita a kan jinin da ake shigar mata kicin da takalma.

Dokarsa ɗaya ce, abin da ka kashe a ci shi. Ba a coci ya koye ta ba. Shekarar da aka rufe ramin haƙar tagulla, babansa ya rasa aiki, kuma da naman barewa mahaifiyarsa ta fitar da su daga wannan sanyin. Ƙashi ma sai an dafa shi sau biyu kafin a ba kare. Wata shekara Curt Bessette, mai sayar da inshora kuma shugaban ƙungiyar mafarautan gundumarmu, ya kawo ƙaton namijin barewa ya ce a cire masa kai da wuya don bango, sauran a san yadda za a yi da shi. Reino ya dube shi ya ce, "Curt, ciyawar da dabbar nan ta ci duk shekarun nan, a ƙaho kaɗai kake tsammani ta tsaya?" Ya gyara naman tsaf ya bi gidajen tsofaffin matan cocinmu yana rabawa. Curt bai ji haushi ba. Dariya ya yi, don shi komai na Reino abin dariya ne.

Ban san ranar da baunar Afirka ta shiga ransa ba. Ina jin daga tsofaffin mujallun shagon aski ne, tun muna samari. Bai taɓa sha'awar zaki ko damisa ba, ya ce abin da ba ya shiga tukunya ba ya ɗaga masa bindiga. Abin da yake so shi ne tsohon bijimin bauna guda ɗaya, wanda ya gama haihuwa garke ya kore shi, a bi sawunsa da ƙafa. Shekara da shekaru magana ce kawai. Da ya ajiye aiki, Ardis ce ta ture shi. Ta ce masa, "Tsohon nan, ko ka tafi yanzu ko ka daina cika mini kunne. Gwiwoyinka sun kusa bin ka ritaya." Ya sayar da kwalekwalensa na kamun kifi. Ya ce ni zan raka shi, ba don in yi harbi ba, don in riƙe masa hula in an ɗauki hoto.

Sai ga cikas. Ya ji cewa ba a barin mutum ya shigo da naman daji daga can, ƙaho da fata kaɗai. Ya ce to an fasa. Curt, wanda ya je sau da dama, shi ya ce masa ai nama ba ya asara a can, mutanen ƙauye ake kai wa, har rawa suke yi idan mota ta iso. Wannan magana ta zauna wa Reino daram. Ya lissafa a ransa bakin mutum nawa bauna guda za ta ciyar, ya ga ya fi duk barewar da ya taɓa rabawa. Daga ranar tafiyar ta tashi daga kwaɗayin tsoho ta zama aiki a wurinsa.

Shiri kuwa ya yi shi har ya wuce kima. Ya ari bindiga mai nauyi, ya ɗaure sanduna uku ya riƙa ɗora ta yana harbin kwali a ramin tsakuwa, har kafaɗarsa ta yi baƙi. Sababbin takalma ya sa yana bin tsohon layin dogo safe da yamma. Ya riƙa daɗewa a ɗakin gumi, wato ɗakin wankan tururi, wai yana sabawa da zafi, har Ardis ta ce za ta kira 'yan kwana-kwana su zo su kwashe shi. Ya wasa wuƙaƙensa, ya wanke ƙaramin injinsa na niƙa nama da hannu, ya ce da shi za a tafi.

Abin da ya rage shi ne zaɓen mai sansani, wato mutumin da ke da izinin daji da motoci da masu bin sawu, wanda zai karɓe ka daga filin jirgi ya kuma mai da kai. A nan ne komai ya lalace.

Muka tuƙa har Texas, wurin babban baje kolin mafarauta da ake yi duk farkon shekara. Zaure ne da ba ka ganin ƙarshensa, rumfa bayan rumfa, kawunan dabbobi ko'ina, kowane mai rumfa da gajeren wando da baki mai zaƙi. Sauran mutane tsawon ƙaho suke tambaya, da laushin katifa, da irin giyar da ake sha. Reino tambaya ɗaya yake yi, wa zai ci naman. Wasu suka amsa da sauri suna duban bayansa ko akwai mai kuɗi tafe. Wani ma ya ɗauka wasa yake.

A can lungu kusa da ban ɗaki muka sami wani dattijo siriri mai suna Clive, rumfarsa ba komai sai tebur da taswira. Ya saurari Reino har ya gama, sannan ya ce ba zai ɓoye masa ba, naman yakan je ƙauye, amma ba kullum ba. Idan akwai mai neman zaki a sansani, cinyoyin bauna ake ɗaurewa a bishiya su ruɓe, warin ya jawo zakin. Haka sana'ar take. Ya ce idan Reino zai iya jira ya zo ƙarshen lokacin farauta, sa'ad da masu zaki suka watse, zai yi iya ƙoƙarinsa, sai dai zafi a lokacin yana kayar da matasa balle mu.

Reino ya ce, "Ƙoƙari ba alkawari ba ne."

Clive ya ce, "Shi ya sa ban kira shi alkawari ba, yallaɓai."

Muka bar wurin Reino yana huci. Ya ce mutumin da ke rataye abinci a bishiya don ƙudaje ba zai ga ko sisinsa ba.

Curt, wanda shi ma ya zo baje kolin, shi ya kai mu rumfar wani mai sansani da ake kira Wessel. Ba zan faɗi sunan kamfaninsa ba, Ardis ta roƙe ni. Ƙato ne ja, mai faɗin kafaɗa, muryarsa kamar ta fasto. Ya tashi ya ba mu kujeru, ya zuba mana kofi da hannunsa, ya kira Reino baba tun kafin ya ji sunansa. Da ya ji tambayar sai ya dafa ƙirji, ya ce shekara nawa yana zuwa wurin nan bai taɓa jin tambaya mai daraja irin wannan ba. Ya ce akwai makarantar firamare a bakin dajinsa, can naman ke zuwa. Reino ya tambaye shi batun bishiya. Wessel ya girgiza kai kamar an zagi mahaifiyarsa.

Ya ce, "Baba, baunarka yara za su ci. Kai da kanka za ka feɗe ta, kai za ka hau mota ka kai musu. Ga hannuna."

Reino ya kama hannun ya riƙe, yana kallon ƙwayar idonsa. A garinmu da haka ake sayar da gona. Da haka Reino ya sayi gidansa, da haka ya sayar da kwalekwalen. A hanyar komawa na ce masa a sa maganar naman a cikin takardar yarjejeniya. Ya ce, "Elmer, mutum ya ba ka hannu sannan ka ce ya rubuta? Ai ka kira shi maƙaryaci ke nan. Kai dai ka tuƙa mota." Bai ƙara yarda an tayar da zancen ba.

Ya dai bi al'ada, ya buga wa mutanen da suka taɓa farauta da Wessel waya. Kowa yabo. Abinci kamar na otal, ruwan zafi kullum, ana wanke maka kaya ana gogewa, ƙaho kuma sai wanda ya gani. Da ya tambaye su nama, ba wanda ya sani. Wani likitan dabbobi daga Ohio ya ce, "Nama? Ka san ban tambaya ba." Mutum ya kashe dabba mai nauyin ƙaramar mota, ya tsallaka teku ya dawo, bai taɓa tambayar inda ta shiga ba. Reino ya ɗauki wannan a matsayin sakacinsu. Bai ɗauke shi gargaɗi ba.

Zan faɗi gaskiya, kwanakin farko a dajin nan na Zimbabuwe su ne mafi daɗi da na ga abokina ya yi a duniya. Da asuba mu fita, mai bin sawu, wani magidanci mai furfura da ake kira Phineas, yana gaba, Wessel na biye, Reino na bayansa, ni a ƙarshe da gorar ruwa ina haki. Reino da Phineas suka shaƙu nan da nan. Sukan tsuguna a kan kashin bauna su tsoma yatsa suna gardamar ko na jiya ne ko na safiya. Phineas ya ce bai taɓa ganin Bature mai son kashi haka ba. Reino ya ce shi ma bai taɓa ganin mai furfura da ke gudu kamar ana bin sa bashi ba. Ƙaya ta yayyage mana hannuwa, ƙafafuna suka kumbura, shi kuwa kullum da waƙa yake ɗaure takalmi.

Ana haka wani baƙo ya sauka a sansanin, mai gidajen sayar da motoci a Dallas, da akwatunan bindiga har da na sigari. Neman zaki ya kawo shi. Na ga Reino ya ajiye cokali da ya ji haka. Wessel ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, an tanadi jakin dawa don wannan aikin. Reino bai so ko hakan ba, amma ya ce ba dabbarsa ba ce, ba shi da ta cewa.

Bijimin da muka samu tsoho ne tukuf, kunnuwa a yage, jiki duk busasshen taɓo, yana tsaye shi kaɗai a gindin wata bishiya. Reino ya ɗora bindiga a kan sanduna ya daɗe yana kallo. Harbi ɗaya. Bijimin ya yi 'yar tafiya ya durƙusa. Reino ya cire hula ya je ya dafa wuyansa, bakinsa na motsi. Sannan ya zaro wuƙa.

Wessel ya ce a'a baba, hoto tukuna. Aka share ciyawa, aka goge jini, aka ɗaga haɓar dabbar a kan dutse, aka zaunar da Reino can baya don ƙahon ya ƙara girma. Ya yi murmushi, murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba tun ranar aurensa. Da aka gama Wessel ya ce rana ta yi, nama ba ya son jira, a bar ma'aikata su yi da sauri, gobe da safe Reino ya yanka yadda yake so a ɗakin sanyi kafin a tafi makaranta. Maganar ta yi kama da hankali. Reino ya mai da wuƙarsa kube.

Da safe ya fito da injin niƙansa a hammata. Wessel ya ce motar tana da matsala, sai an jima. Da hantsi ya ce ya tura a duba hanya. Reino ya tashi ya nufi rumfar fiɗa, na bi shi. Ga kai, ga fata an barbaɗe ta da gishiri. A ɗakin sanyi wuya ne da haƙarƙari da wutsiya. Cinyoyi biyu da kafaɗu biyu, wato kusan duk naman, babu su.

Phineas yana zaune a inuwa yana gyara takalminsa. Reino ya tambaye shi ina naman. Phineas ya ce yana da iyali, kuma aikin nan shi ke riƙe da su. Reino ya ce ba ya son ya faɗi komai, ya nuna masa hanya kawai. Phineas ya ce akwai itacen girki da zai ɗebo ta wajen kogi, in muna son shan iska mu hau.

Tun kafin mu iso muka ji wari. An ja kayan cikin baunar a ƙasa da mota don warin ya bar sawu, ƙudaje sun yi baƙi a kan hanyar. Cinya ɗaya tana rataye da sarƙa a reshe, an lulluɓe ta da ciyawa saboda ungulu. A zafin nan kwana ɗaya ya isa, gefenta ya fara kore. Reino ya tsaya ƙarƙashinta ya ɗaga kai. Na san abin da yake yi, yana yanka ta ne da ido, nan na gashi, nan na miya, nan na niƙa. Phineas ya ce sauran ukun suna wasu bishiyoyi gaba. Jakin dawan bai jawo komai ba, mai motoci ya fara fushi, shi ya sa. Na tambaye shi makarantar fa. Ya ce makaranta tana nan, 'yarsa ma can take, amma ba wanda ya gaya musu nama na zuwa.

A teburin abincin rana Reino ya tsaya a kan Wessel. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ka ba ni hannunka."

Wessel ya goge baki ya ce, "Baba, zauna mana. Ƙaho naka ne, fata taka ce, nama na sansani ne. Haka yake a ko'ina, haka yake a takardar da ka sa wa hannu. Yara za su samu, akwai haƙarƙari."

"Ba haƙarƙari ka ce mini ba."

"To ai daji ne, baba, abubuwa na canzawa. Ka sami bijimin da mutane ke shekara goma suna nema. Ka yi murna mana."

Reino ya ce a ba shi mota ya sauko da naman da ke inuwa, ko rabi zai iya cetowa. Wessel ya ce ba mai taɓa bishiyoyin nan, warin mutum zai kori zaki. Sai mai motoci ya sa baki, bakinsa cike da abinci, ya ce, "Kwantar da hankalinka, kaka. In zakin ya zo zan gaya masa kai ka yi masa girki." Ya yi dariya shi kaɗai. Da ba don Reino ya riƙe mini hannu ba, da na kifa masa tulun ruwan a ka, kuma har yau ina ganin da ya ƙyale ni.

Da yamma aka kawo farfesun wutsiyar baunar, wai haka ake karrama wanda ya yi kisa. Na ɗauka zai ture kwanon. Ya ja shi gabansa ya cinye tas, ya tsotse ƙashi, ya suɗe romon da burodi, hawaye na bin gemunsa. Wuya da haƙarƙari tukunyar ma'aikata suka shiga, ba zan ƙara gishiri ba, wannan an ci. Injin niƙan ya bar wa matar Phineas. Zakin kuwa bai zo ba. Har muka bar sansanin bai zo ba, kuma daga baya muka ji mai motoci ya koma gida hannu wofi yana zage-zage. Kuraye da tsutsa suka gama da naman.

Muka dawo gida. Curt ya riga ya ji labari daga bakin Wessel, kuma ya riga ya juya shi. Kafin mako ya zagayo, duk shagon kofi sun san cewa Reino ya je Afirka ya yi kuka a kan nama. Wani ya ce ya kamata a naɗa shi kukun zakuna. Waɗannan mutane ne da ya yi shekaru yana cika wa firiza, yana tsayuwa cikin sanyi hannunsa na tsagewa don kada barewarsu ta lalace. Ba ɗayansu da ya ce Wessel ya yi ƙarya. Cewa suka yi Reino bai san yadda ake yi ba.

Nuwamba ta zo bai yanki lasisin farauta ba. Ta gaba ma haka. Ya ci gaba da feɗe wa mutane, amma bindigarsa ba ta sake fita daga kabad ba. Na yi ta fama da shi, na ce laifin mai ƙarya ne, ba na wanda aka yi wa ba. Ya ce, "Elmer, mutum ɗaya ne ya gaya mini gaskiya a zauren nan, na juya masa baya don gaskiyar ba ta yi mini daɗi ba. Ni na zaɓa, ni na ja kunamar bindiga." Ya nemo lambar Clive ya buga masa waya ya ba shi haƙuri. Dattijon bai ma tuna shi ba, amma ya ce ya gode.

Bayan shekara da wani abu akwatin ƙahon ya iso. Curt ya zo da tef ɗin awo, ya gwada, ya kama kai, ya ce wannan sai bangon zauren ƙungiya, da sunan Reino a ƙasa da farin ƙarfe. Reino ya ce zai yi tunani. Da Curt ya dawo, ya tarar an ɗaure ƙahon a kan benci, Reino ya yanka shi gunduwa-gunduwa yana yin ƙotar wuƙa. Curt ya kusa zama a ƙasa. Ya ce, "Ka san abin da ka lalata kuwa?" Reino bai ɗago ba ya ce, "An riga ni lalatawa. Wannan ragowa ce nake tsincewa." Fatar ya kai wa mai jima aka yi safar hannu ta aiki. Wuƙaƙen ya raba wa matan da ke girkin coci, ya aika wa Phineas ɗaya. Bai gama su duka ba ciwo ya kwantar da shi.

Ba zan ce baunar ce ta kashe shi ba, zuciyarsa ta daɗe tana ba shi wahala. Amma na san mutumin da ya hau jirgi, na kuma san wanda ya sauko, kuma shekarunsa na ƙarshe da ya kamata ya yi su a daji tare da ni, a gareji ya yi su.

Bayan jana'iza da 'yan makonni, wani malamin makaranta daga Minnesota ya buga wa Ardis waya yana neman Reino. Ya ce yana shirin tafiyarsa ta farko, kuma ya ga hoton Reino a rumfar Wessel, babba, a gaba-gaba. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa wannan dattijo daga Michigan ya ciyar da makaranta guda da baunarsa. Ya ce abin ya taɓa zuciyarsa, shi ya sa yake son ya zaɓi Wessel, yana so ya ji daga bakin mai hoton. Ina gidan a lokacin, sai Ardis ta miƙo mini wayar. Na gaya masa komai tun daga rumfa har bishiya. Ya ce ya gode, amma Wessel ya yi masa kama da mutumin kirki, har hannu ya ba shi. Ban san abin da ya yanke ba.

Ardis ta aika wa Wessel cewa ya sauke hoton mijinta. Ya amsa da ta'aziyya mai tsawo, ya ce baba mutum ne da ba za a manta da shi ba, amma hotunan sansani mallakar sansani ne. Na kai maganar gaban ƙungiya, Curt ya ce kada a tayar da ƙura a kan mamaci. Don haka hoton yana nan. Abokina na zaune bayan bijiminsa yana murmushi da dukan fuskarsa, a daidai lokacin da bai san inda naman zai tafi ba, kuma da wannan murmushin ake kama wasu irinsa. Ni dai na gaya wa Ardis, duk wanda ya sake bugowa ta ba shi lambata.